Rantsuwar da Na Yi a Kanka, Malam

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka kamar yadda na saba kowace safiya, sai dai yau ba a durƙushe nake ba, gwiwar ta ƙi. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana da rai ma, cewa za ka yi in ajiye sai ka nemo tabarau. Amma akwai maganar da ta hana ni sakat, kuma kai ne mai ita.

Gida lafiya lau. Ina cikin takaba, saura kaɗan in fita. Aminu ya sa an gyara rufin ɗakinka, wanda kullum kake cewa sai bayan damina. Sadiya ta sauka lafiya, namiji, an mayar masa da sunanka, ga shi da goshinka sak. Rediyonka na nan a kan taga, na murɗa na murɗa ban gano tashar da kake ji ba, na ƙyale shi. Mutane kuwa har yanzu suna zuwa, kowa da irin alherin da zai faɗa a kanka. A cikin masu zuwan ne na ji abin da ya sa na ɗauki biro.

Ka tuna shekarar duhu? Muna gidan haya a Hayin Banki ta wajen Kawo, ba a daɗe da yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan ba, wanda ya sa kowane gida ya sayi fanka da dutsen guga na lantarki. Mu har firij muka saya, na ɗinka masa ƙyalle mai fure na rufa masa. Kai kana ofishin wuta, makullin sito a hannunka, waya ko guntuwa ba ta fita sai da saninka. Sai ga shi da bazara wuta ta ɗauke a Kaduna kakaf. Aka ce ruwa ne ya ja baya a dam, kuma ba mu kaɗai ba ne, garuruwa da yawa haka suke.

Wautar da muka yi ita ce kowa ya bar makunninsa a kunne, don kada wuta ta dawo bai sani ba. Fanka a kunne, dutsen guga a jone, firij a jone, gida bayan gida. Ka yi ta faɗa, ba wanda ya ji, ni ma ban ji ba. Ranar da ta dawo, da la'asar sakaliya, ko gama murna ba mu yi ba muka ji ƙara daga bakin masallaci. Taransifomarmu ce, akwatin ƙarfen da ke raba wa unguwa wuta, ta yi bindiga ta kama hayaƙi. Sauran gari ya samu haske, mu muka koma inda muka fito.

Muka sauko da fitilar ƙwai daga saman kabad, muka shiga layin kananzir. Famfo ya ɗauke, sai rijiyar gidan mai unguwa da 'yan ga-ruwa. Firij ɗin da nake taƙama da shi ya zama ma'ajiyar kwanuka, randa ta dawo da darajarta. Nama sai dai a soya shi ƙayau a zuba a tukunya da mai. Injin niƙa ya tsaya, muka koma turmi, tafin hannuna ya yi kanta. Kayan ofis ɗinka da dutsen gawayi nake goge su, ina hurawa ina kare farar rigarka daga toka. Zafi ya yi mana dukan kawo wuƙa, ƙuraje suka feso wa Aminu a wuya da baya, ina yi masa fifita har hannuna ya sage. Damina ta sauka, sauro ya karɓi aiki, azumi ya zo ya same mu a haka.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. A watannin nan ne na fi ganin girmanka a duk zamanmu. Ina kallonka ka dawo daga ofishin wuta ka zauna a tabarma kana goge ƙwan fitila da tsumma, sai in ji zuciyata ta cika fal. Ina cewa a raina, wani ne da tuni ya jawo waya daga hayin titi zuwa ɗakinsa shi kaɗai. Kunya ta hana ni faɗa maka a lokacin. Yanzu na gode wa kunyar.

Ba mu muka fi shan wuya ba, ai ka sani. Mu albashi na zuwa ko da wuta ko babu. Gidan Asabe fa? Asabe ƙawata, wadda katanga kaɗai ta raba mu, wadda ta yi mini zaman jego lokacin da Inna ta kasa zuwa daga gida. Mijinta Malam Idi mai walda ne, ƙofofi da gadajen ƙarfe yake yi a rumfarsa ta bakin hanya. Ranar da taransifoma ta ƙone, ranar sana'arsa ta tsaya cak. Mutum mai yaran aiki biyu a ƙarƙashinsa ya koma tallan ruwa da garwa, yana sunkuyar da kai in ya zo wucewa ta ƙofarmu. Ni da Asabe muna da wani kwano mai murfi da ke yawo tsakaninmu ta kan katanga. A lokacin nan in na aika shi da tuwo, ko gyaɗa ce sai ta zuba ta dawo da shi, don kada ya zo fanko.

Sai rannan aka kawo sabuwar taransifoma a bayan babbar mota. Aka sauke ta a kan dakalinta a bakin masallaci, fentinta na ƙyalli, in ban da wani karce dogo a gefe da sarƙa ta yi mata wajen saukewa. Mata suka yi ta guɗa ta cikin gidaje, dattawa suka zo har zaure suka sa maka albarka. Malam Idi ya share rumfarsa, ya goge injinsa. Ba a kai ga jona ta ba motar nan ta dawo, aka ɗaure ta da sarƙa aka tafi da ita muna kallo. Ka tara mutane bayan sallar magariba ka ce an auna ta an ga tana da matsala daga kamfani, in an jona za ta ƙone wa mutane gidaje. Suka yi maka godiya da ka tsare su.

Bayan ɗan lokaci Asabe ta shigo mini da hantsi, ta ja ni ɗaki, ta rage murya. Ta ce Malam Idi ya je neman aikin ƙofa a gidajen manya ta wajen Malali, ya ga taransifomarmu a can, da karcenta, tana aiki. Ba faɗa ta zo yi ba. Cewa ta yi in tambaye ka a hankali, wataƙila daga sama aka fi ƙarfinka, in haka ne kowa zai gane. Ka ga ƙofar da ta buɗe maka? Ko jinjiri zai iya bi ta cikinta.

Na tambaye ka. Ka gama alwala ke nan, ruwa na ɗiga daga gemunka. Ka dube ni ido cikin ido ka ce tana sito a kulle, ana jiran a mayar wa masu ita. Ka ce talauci ne ya fara taɓa Idi, har yana ganin abin da babu. Har ka nuna ɓacin rai da na tambaya, sai da na ba ka haƙuri. Ni, Malam, ni na ba ka haƙuri!

Maganar ta riga ta fita unguwa. Ranar sunan gidan mai unguwa, tsakar gida cike da mata, wata ta jefo habaici a kan masu cin amanar maƙwabta. Ka san halina, ba na barin ta kwana. Na miƙe tsaye na rantse da Wanda raina ke hannunsa cewa mijina bai karkatar da komai ba, kuma duk wanda ya ce ya gani, ƙarya yake yi, hassada ce ke cinsa. Ban kama suna ba, amma ba wadda ba ta juya ta dubi Asabe ba. Ta gyara mayafinta, ta tashi, ko abincinta ba ta taɓa ba. Washegari kwanon nan ya dawo mini ta kan katanga, a wanke tas, babu komai a ciki.

Mutane suka gaskata ni. Me zai hana? Matar ma'aikaci ce ta rantse, ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Aka koma kiran Malam Idi mai ƙage, har a masallaci ana gyara masa zama. Kafin wata taransifomar ta zo ya sayar da injinsa, ya kwashe iyalinsa zuwa ƙauyensu ta wajen Ikara. Ranar da suke loda kaya ina cikin ɗaki ina jin motsinsu, ban fito ba. Na dawo na ba ka labarin rantsuwar da na yi ina jiran yabo, ka ce Allah ya yi mini albarka. Da wane bakin ka faɗa?

Daga nan labarin ya zama abin adona. Duk yaron da ya fara wayo a gidan nan sai na zaunar da shi na ce ubanku ya riƙe makullin siton wuta amma ya zauna a duhu tare da talakawa. Da Aminu ya sami aikin gwamnati, da shi na yi masa nasiha. Kana zaune kana ji, kana jan carbi, kana murmushi. Ko sau ɗaya zuciyarka ba ta ce ka dakatar da ni ba?

Ranar addu'ar bakwai wata Hajiya ta zo a babbar mota, tsohuwa kamata, tana dogara sanda. Ban san ta ba. Matar wani tsohon babban jami'in gwamnati ce, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce gidansu ba zai taɓa manta alherinka ba. A shekarar duhu, in ji ta, ana gab da bikin babbar 'yarsu, baƙi na tahowa daga ko'ina, taransifomar layinsu ta lalace. Kai ka fitar da su kunya. Ka sa aka ɗauko wata sabuwa da aka riga aka sauke a wata unguwa ta wajen Kawo, aka jona musu, aka yi biki fes da haske. Da zuciya ɗaya take faɗa, ba ta san a wace unguwa muka zauna ba. Matan da ke ɗakin suka ce Allah sarki, Allah ya sa ka tarar da shi a mizani. Na ce amin da bakina.

Biki, Malam. Don a yi rawa a ga fuskar amarya da kyau. Me aka ba ka? Ƙarin girman da ka samu bayan damina ne, wanda na dafa waina na raba wa maƙwabta a kansa? Ko gidan gwamnatin da muka koma, inda wuta ba ta ɗaukewa? Ko tsoro ka ji, babban mutum ya yi magana ka kasa cewa a'a? Da ka ce mini tsoro ne, wallahi da na rufa maka asiri, da na yi shiru a gidan sunan nan, da na san yadda zan lallashi Asabe. Abin da ya fi ƙona mini rai ba taransifomar ba ce. Ka san ni, ka san zan tsaya maka, shi ya sa ka yi mini ƙarya ka sake ni cikin mata. Da gaskiyata ka rufe ƙaryarka, kuma ka bar ni ina ta alfahari da ita har furfura ta cika mini kai.

Ranar da za a fita da kai, an kawo ka ƙofar ɗakina aka ce in yafe maka. Na ce na yafe duniya da lahira, kuma har zuciyata na faɗa. Abin da na sani na yafe. Wannan ban san da shi ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce ya wuce ba. Ina yi maka addu'a bayan kowace salla, amma in na zo kan sunanka sai in ji harshena ya yi nauyi. Nawa haƙƙin zan yafe in Allah ya sanyaya mini, ba yau ba dai.

Na sa an bincika mini. Asabe tana da rai, tana Badarawa wurin ɗanta, idonta ya yi rauni. Ashe shekara da shekaru muna gari ɗaya. Ranar da na fita takaba, kafin in taka gidan kowa, can zan fara zuwa. Aminu ne zai kai ni, kuma ba a mota zai jira ni ba. A gaban mutane na ƙaryata mijinta, a gaban mutane zan ce gaskiya ya faɗa. 'Ya'yanta za su ji, naka ma za su ji. Na yi ta juya abin ko akwai hanyar da zan wanke sunansa ban taɓa naka ba, ban samu ba.

Malam Idi kuwa ba zan same shi ba. Ya rasu a ƙauye tun da daɗewa, da sunan mai ƙage a kansa. Wannan ba ni da ikon yafe maka shi, Asabe ma ba ta da shi. Yanzu kana inda yake, kuma a can ba ni da bakin da zan rantse maka.

Allah ya jiƙanka, Malam. Ya sa Malam Idi ya fi ni sauƙin zuciya. Na bar ka nan.

Matarka da ta gaskata ka,
Rakiya