Sakin Layi na Tara da Sunan Dr. Suraj

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Amintattu,
Ƙungiyar Zumuntar Arewa ta Al Rayyan, Doha.

Daga:
Safiyyatu Ayuba, malamar jami'a, mamba.

14 ga Nuwamba, 2016

Ranka ya daɗe,

GAME DA: YADDA AKA KAMMALA MUHAWARA KAN HANA WARIYA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da koke kamar haka:

1. A watan Satumba aka cire Dr. Suraj Mas'udu, likitan yara, daga zauren WhatsApp na ƙungiya ba tare da an ji ta bakinsa ba. Hujjojin da aka bayar su ne muryarsa, tafiyarsa, da kuma cewa ya haura arba'in bai yi aure ba. Ban san ƙungiyarmu tana da ƙwararrun masu auna tafiya ba sai ranar.

2. Saboda haka na kawo shawarar a ƙara sakin layi na tara a kundinmu, cewa ba za a kori mamba ko a tona shi ba saboda kamanninsa, ɗabi'arsa, ko abin da ake zato game da wanda zuciyarsa take so.

3. Ranar Juma'a, 4 ga Nuwamba, kwamiti ya zauna. Ina yaba masa bisa haƙurin da ya yi wajen tattauna ko ya halatta a karanta shawarar da ƙarfi, har shayi ya huce. Daga nan aka cire “zato”, aka cire “ɗabi'a”, aka cire “kamanni”. Abin da ya rage, wato “ba za a kori mamba ba sai da dalili”, ya samu amincewar kowa, aka tafa, Injiniya Badaruddeen, ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, ya ce khalas, wato shi ke nan.

4. A zaman ne wani dattijo ya ce zai je ya yi wa kafil ɗin Suraj, wato wanda ya tsaya masa ya shigo ƙasar aiki, “nasiha”. Ranka ya daɗe ya san abin da irin wannan nasiha take jawowa a ƙasar nan: rasa aiki, rasa iƙama, wato takardar izinin zama, wataƙila har ɗaurin kurkuku. Babu wanda ya tsawatar. Uku daga cikin waɗanda suka yi shiru, a makon nan ma sun kai wa Dr. Suraj 'ya'yansu asibiti, ya kuma duba su. Shi ne ya riƙe ɗiyata Sauda lokacin da numfashinta ya sarƙe.

Don haka ina roƙon a mayar da sunansa, a hana zuwa wurin kafil a rubuce, a kuma sake karanta shawarata da kalmominta. Ina roƙon a hanzarta, domin ba zan iya sake ce masa ana nazari ba. Ya fara sayar da kayan ɗakinsa, yana shirin barin ƙasar.

Allah Ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Taka mai biyayya,
Safiyyatu Ayuba