Hoton Auta a Jarida

Litinin, 9 ga Yuni

Kwana huɗu da rasuwar Auta. Babansu ya shigo ɗakina, bai zauna ba. Wai malaman da ya yi aiki da su za su sa sanarwa a jarida ranar Juma'a, ana son hoto kafin yammacin Laraba. "Ki duba mai kyau," in ji shi. Na ce to. Kalmar farko ke nan da na ce masa tun da aka kira mu asibiti.

Talata, 10 ga Yuni

Na sauko da akwatin hotuna daga saman kabad, ni da yayar Auta muka zazzage su a gado. Auta yana rarrafe. Auta a kan keke. Auta ranar gama sakandare, riƙe da kyautar lissafi, kumatu tubarkalla. Daga nan shiru. Shekara goma sha biyu ba hoto ko ɗaya. Wa zai ɗauki hoton ɗan da ke shan ƙwaya? In baƙi sun zo ma ɗaki muke tura shi.

Yayarsa ta ɗaga na sakandaren, ta ce, "Mama, wannan kowa zai so gani." Na ce wannan ɗan sha bakwai ne, wanda na rasa shekararsa ashirin da tara. Sai ta hau kuka, ni kuma na zauna ina kallonta kamar itace.

Akwai guda a wayata, ban nuna mata ba. Watan jiya ne ya lallaɓo ta ƙofar baya da ya ga motar ubansa ba ta nan, ya gyara min fankar da ta daina juyawa. Ya rame, wuya kamar mariƙin lema, haƙorin gaba babu, amma yana dariya. Ya ce, "Mama, ɗauke ni, ki samu shaidar na taɓa gyara wani abu."

Laraba, 11 ga Yuni

Na nuna wa Babansu. Kallo ɗaya ya yi, ya kifa wayar a tebur.

"So kike duniya ta ga wannan?"

Na ce duniya ta gama ganinsa, shekara biyu yana kwana a bayan tasha tun da ka kore shi. Ya ɗauki na sakandaren ya sa a aljihun gaba, na ji ƙarar get.

Abin da ban faɗa ba: ranar da ya kore shi, ni na haɗa masa jakar. Har na ninke rigunan. Kuma ƙwayar farko daga jakar aikina ya ɗauka. Shekara talatin ina raba wa 'ya'yan mutane magani a asibiti, na ƙirga na ga babu huɗu, na ja bakina na yi shiru.

Juma'a, 13 ga Yuni

Jaridar ta fito. "Bayan gajeriyar rashin lafiya." Gajeriya!

Masu zuwa gaisuwa suna ta miƙa wa juna, Allah sarki, kyakkyawan yaro. Wata ta tambaye ni wane aji yake.

Asabar, 14 ga Yuni

Ban tashi ba. Ban ga abin tashi ba.

Talata, 17 ga Yuni

Wani dattijo ya yi sallama da hantsi, hannunsa baƙi da man taya. Mai faci ne a bayan tasha, a rumfarsa Auta yake kwana. Ya ce an nuna masa jaridar bai gane yaron ba, sai da aka karanta masa sunan. Duk kwanakin nan ya ɗauka tafiya ya yi. Ya kawo kayan Auta, bargo da cokali da takalmi ƙafa ɗaya a leda.

Ya ce min, "Hajiya, kullum sai ya ce mamarsa likita ce." Ni da ban wuce ɗakin ba da magani ba.

Babansu ya shigar da shi falo, abin da bai yi wa ɗansa ba. Ina jin su ta labule, Babansu yana ta tambaya. Yana cin abinci? In ana ruwa ina yake fakewa? Ya taɓa ambatona? A kan wannan ta ƙarshen dattijon ya ce, "Ya ce kai ka koya masa lissafi."

To, sai me. Ba abin da zai dawo.

Lahadi, 22 ga Yuni

Na fito daga wanka na tarar da Babansu a falo da wayata a hannu, yana ta danne-danne, bai san lambar buɗewa ba. Da ya gan ni ya yi kamar zai ajiye. Na karɓa, na buɗe, na nemo hoton, na miƙa masa. Ya sa tabarau.

Can ya ce, "Yaushe haƙorin ya fita?"

Na ce bara.

Ban yafe masa ba. Ni ma ban ga wanda zai yafe min ba. Na zauna a hannun kujerarsa ne don gwiwata na ciwo, ba don komai ba. Sau huɗu hasken wayar yana ɗaukewa, ina sake buɗe masa.