Shafin Da Kika Bar Ni A Bakin Kogi

Zuwa ga Ludivina, hasken gidana, inuwar da nake hutawa a ƙarƙashinta tun kaina yana baƙi ƙirin, sanyin ruwan kwakwa a maƙogwaron masassaƙi da rana tsaka, sautin ruwan sama a kan rufin kwanona. Zuwa ga matar da ta koya wa rabin mutanen kogin nan karatu, sauran rabin kuma ta koya musu ladabi. Uwar Yurani, kakar Emelina, kuma tun daga makon jiya, mai littafi da sunanta a bango! Gaisuwa daga mijinki Baudilio, da hannun da ya saba da gizago fiye da alƙalami.

Kin san wayar garinmu ba ta kamawa sai a ƙarshen gadar da jiragen ruwa ke tsayawa, kin kuma san duk wanda ya tsaya a can yana magana, to kogin Guapi gaba ɗaya ya baza kunne. Abin da ke bakina yau ba na masu sayar da kifi ba ne. Shi ya sa na share teburin da kike gyara aikin yara a kai, na zauna, na ce bari in rubuta wa malama ko da za ta bi ni da jan biro.

Littafinki ya iso, Ludivina! Ya iso a jirgin kaya daga Buenaventura, tsakanin buhunan shinkafa da jarkokin man inji, an naɗe shi da leda saboda ruwa. Da na yaye ledar na ga sunanki, sai da na nemi wurin zama. Wa ya taɓa jin an buga sunan mutumin garin nan a bangon littafi? Wace mace ce a duk bakin tekun nan ta kai ki? Na sa farar rigata ta zuwa coci, na rungume shi a ƙirji, bangon yana kallon jama'a, na taka garin nan daga wannan kai zuwa wancan, a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Aminina Nemesio yana zaune yana ɗinkin koma, ya ɗaga murya ya ce, "Kai Baudilio, juya shi mana, ai a kife ka riƙe shi!" Ƙarya yake yi, daidai na riƙe shi. Na ce masa, "Ci gaba da ɗinkinka, tsoho. Ranar da matarka ta rubuta ko da sunan kaza ne, ka aiko a kira ni."

Washegari sabuwar malamar da ta gaje ki ta tara yara a barandar makaranta ta karanta musu, ni kuma na tsaya daga baya na jingina da ginshiƙi. Ki bar ni in ba ki labarinki kamar yadda na ji shi a bakin wata, tun da ke ba ki ga fuskokinsu ba. Da ta karanta cewa a wani zamani mai zuwa teku ta haɗiye garuruwan bakinta, mutane suka ƙera jirgi mai girman tsibiri da zai kai su wata duniya a bayan taurari, sai yara suka ƙara matsowa kusa da ita. Da ta zo inda doka ta hana shiga jirgin da ƙasa ko iri, amma wata tsohuwa, Kaka Tomasa, ta ɓoye kwakwa mai tsiro da tukunyar lakar kogi a ƙarƙashin siket ɗinta, sai yara suka fara taɓa juna. Da mutum-mutumin ƙarfe mai gadin jirgin ya tare ta a ƙofa, ta balbale shi da faɗa, ta tambaye shi ko ba shi da uwa, har ya sunkuyar da kai ya ɗaukar mata tukunyar da kansa, wayyo, sai dariya ta ɓarke har karnuka suka kama haushi! Kowa ya gane muryar. Duk wanda ya taɓa zuwa ajinki da ƙazamin farce ya gane ta.

Sai kuma aka haifi jinjira a tsakiyar taurari, cibiyarta ta bushe ta faɗi, ga shi babu ƙasar da za a binne ta, babu inda za a dasa mata bishiyarta. Kaka Tomasa ta fito da tukunyarta, babbar jikarta Marelbi ta tona rami da cokali, aka sa cibiya, aka ɗora kwakwa a kai. A nan ne na juya ina kallon kogi, don kada yara su ga idona.

Domin ni na san inda kika samo wannan shafin, farin cikina. Kin tuna shekarar babbar ambaliya? Lokacin kina sabuwar malama, ni kuma ina kai ki makaranta a kwalekwalena kullum da safe, ina tuƙi a hankali da gangan don hanya ta yi tsawo. Ranar da ruwa ya janye muka biya ta gidanku na dā, muka tarar gaɓar ta zaftare, kwakwar da aka dasa a kan cibiyarki ta bi ruwa da saiwarta. Ba ki yi kuka ba. Kika miƙe tsaye a cikin kwalekwalen, iska tana kaɗa farar rigarki, kika ce, "Baudilio, yau ba ni da bishiya." Ni kuma, wanda ya yi wata da watanni yana neman kalmar da zai faɗa miki bai samu ba, sai na ji bakina ya ce, "Tawa tana nan, ta ishe mu mu biyu." Neman aurena ke nan gaba ɗaya. Babu waƙa, babu kiɗan marimba, amma ki nuna min namijin da ya taɓa faɗin abin da ya fi wannan a kogin nan!

Da aka haifi Yurani, ubana ne ya tona ramin cibiyarta, don a gidanmu kakan jariri ne ke tonawa. Tsufa ya kama shi, amma bai yarda kowa ya karɓi magirbin ba. Kika fito da kyar, kin dafa kafaɗata, yayyafi yana sauka a kanmu, kika tsaya har aka rufe. Yau wannan kwakwar ta wuce rufin gida, 'ya'yanta suna faɗowa su tayar da ni daga barcin rana.

To, yanzu bari in zo kan shafin da ya sa na ɗauki alƙalami. Jirgin yana tashi sama, kowa ya shiga, sai tsoho ɗaya can ƙasa a bakin kogi, ɗan mitsitsi, da yagaggiyar malafa, da giɓi, da gizago a kafaɗa. Mijin Kaka Tomasa ne, ya ƙi shiga. Malama ta ɗaga hoton da ke shafin ta nuna musu. Deisi, jikar Nemesio, mai baki irin na kakanta, ta ce, "Malama, shi tsohon me ya sa bai shiga ba?" Wata daga gefe ta ce, "Tsoro yake ji!" Sai na ga kawuna suna juyowa ɗaya bayan ɗaya, har duk barandar tana kallon malafata. Nemesio ya yi dariya har ta sarƙe shi, ya ce, "Ga shi nan tsaye, ku tambaye shi mana!" Malama ta yi sauri ta karanta amsar tsohon don ta cece ni: "Bishiya ba ta tafiya."

Maganata ce, ban musa ba. Na faɗe ta shekarar da Yurani ta samu aiki a asibiti a Bogota ta ce mu koma can da zama. Na maimaita ta ranar da kika hau jirgi za ki je jiran haihuwarta. Na kuma sake faɗinta a ƙarshen gada, a gaban masu kifi, ranar da kika kira ni kika ce, "Baudilio, cibiyar Emelina ta faɗi, tana ƙulle a bakin hankicina. Yurani za ta koma aiki, tana asibiti wuni, mijinta yana kan hanya da babbar mota, ba wanda zai riƙe yarinyar sai ni. Ba zan dawo bana ba, baɗi ma ban sani ba. Kai ne kakanta, kai za ka tona. Ka zo." Na ce ki kawo ta gida inda ƙasarta take. Kika ce, "To, za ta zauna a ƙulle har ranar da kanka zai yi laushi." Kika kashe wayar, kika bar ni da masu kifi suna kallon ƙasa.

Ya ke sanyin idona, kin san yadda gidan nan ya koma tun tafiyarki? Na dafa kifi da romon kwakwa, ya fito kamar ruwan wanki. Ruwan sama yana dukan kwano, babu mai cewa in tashi in kwashe shanya. Teku ta cika ta janye, ta cika ta janye, ni kuwa kewarki cika kawai take yi. Ina jin takunki a kan katakon ɗaki, in juya, in ga kaza ce. Ina amfanin inuwar bishiya idan wadda aka yi wa alkawarinta tana can Bogota kan dutse tana rawar sanyi? Na ce miki tawa ta ishe mu mu biyu, ashe kuwa idan kika yi nisa, ni ma ba ta ishe ni ba. Ga jikata kuma, jinina, tana kwana tana tashi ba ta da bishiya a duniya, kamar ke a cikin kwalekwalen nan. Wannan ba zai faru ina da rai da hannu biyu ba.

Don haka ki saurara, malama, ki ji abin da mijinki ya yi. Na zaɓi kwakwa daga bishiyar Yurani, wadda ta faɗo da kanta ta tsiro, ganyenta ya kai tsawon tafin hannu, kore shar. Na ɗauki ragowar icen kwalekwalen da na sassaƙa na ƙarshe, na fafe shi na yi tukunya mai zurfi, na goge ta har tana sheƙi, ba a taɓa yin irinta a kogin nan ba, kuma ba yabon kai nake yi ba. Na cika ta da baƙar ƙasar gindin bishiyar uwarta, daidai inda ubana ya tona.

Nemesio ya zo ya same ni ina cikawa, ya riƙe ƙugu ya ce, "Kwakwa a Bogota? Kai, tsufa ya fara taɓa ka. Garin da aka ce ko kare sai an sa masa riga!" Na ce, "Na sani." Wa zai koya min halin kwakwa? Na san ba ta son sanyi, na san ba za ta yi 'ya'ya a hawa na sama na gidan bene ba. Amma ba 'ya'ya nake nema ba. Ta rayu kawai. Zan ajiye ta kusa da murhu inda rana ke shigowa ta taga, in lulluɓe ta da bargona, ni in kwana haka. Idan Kaka Tomasa ta raya tata a tsakanin taurari, ni zan kasa a Bogota? Ranar da ƙafar Emelina ta yi ƙwari, mu sauko da su su biyu, mu sa tukunyar da duk abin da ke cikinta a ƙasa kusa da bishiyar uwarta, yarinyar ta zuba ruwa da hannunta. Idan hakan zai ɗauki shekaru, to shekarun nan a gefenki zan yi su.

Jirgin ruwan da zai tashi zuwa Buenaventura mako mai zuwa, da ni zai tashi. Daga can in hau mota in hau duwatsun nan da kike ba ni labari, tukunya a kan cinyata. Ba zan ɓoye miki ba, ban taɓa kwana inda ba a jin motsin ruwa ba. Amma ni na ce ba zan je ba, yau kuma ni na ce zan je, duka biyun bakina ne, babu wanda ya tura ni. Gizagon na rataye shi a bayan ƙofa. Nemesio zai kula da gida, ya ce zai cinye kajin kafin in dawo, kuma da ya faɗa sai ya juya baya yana goge hanci.

Littafinki babu kamarsa, tauraruwata, kowane shafi gaskiya ne sai wannan ɗaya. Amma kada ki gyara shi, ko masu bugawa sun ba ki dama. Ki bar tsohon nan a bakin koginsa da yagaggiyar malafarsa. Ina so ranar da Emelina ta iya karatu, tana zaune a cinyata, ta ɗora yatsa a kansa ta ce, "Kaka, me ya sa bai shiga ba?" in ce mata, "Duba da kyau, 'yar nan. Jirgi na gaba yake jira."

Ki ajiye hankicin nan kusa. Ki nemo min cokali mai ƙarfi, don da shi zan tona.

Naki tun daga ranar ambaliya, naki a kogi, naki a kan dutse, naki har ranar da za a tona nawa ramin,

Baudilio