Tabo a Takalmin Hagu

Yogyakarta, Litinin

Aminina Mas Legowo,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya jikin uwargida Mbak Ratmi, ya kuma zafin Surabaya? Allah Ya ƙara sauƙi.

Hankalina bai kwanta da ƙanena Teguh ba. Ranar Juma'a a ƙofar masallaci na ga baƙin tabo a saman takalminsa na hagu, daidai babban yatsa. Ka san giyar babur ɗin Besfa a hannu take. Wannan tabon sai mai ɗaga giya da ƙafa. Na tambaye shi, wai ƙofa ce ta goge shi. Ƙofa! Rigarsa ma ta daina warin hayaƙi irin namu.

Dokar da muka kafa wa ƙungiyarmu ta masu Besfa ni da kai tana nan: wanda ya hau wani babur ban da Besfa, a tuɓe masa rigar ƙungiya a gaban kowa. Ni ne shugaba, da hannuna zan tuɓe. Uwa ɗaya uba ɗaya fa, Mas. Wallahi ko abinci ba na jin daɗinsa.

Naka,
Darmaji

Yogyakarta, Lahadi

Mas Legowo,

Ina fata kuna lafiya kai da iyali.

Na bi sawunsa. A rumfar kofi bayan kasuwa na same shi cikin masu Honda da Yamaha da Kawasaki, suna musayar makulli suna zagayawa. Wani mai Yamaha na kan Besfar Teguh, sai yaba ta yake kamar zai saya. Ja'irin ƙanen nawa ko kunya bai ji ba, wai don mutum na son shinkafa ai ba a hana shi taliya ba. Har makulli ya miƙo mini. Na ƙi, amma tafin hannuna ya yi ƙaiƙayi.

Jiya aka yi taro a gidana, kowa ya cire takalmi a ƙofa. Na fita kamar zan kira mai shayi, na bi takalman hagu ɗaya bayan ɗaya. Kaf da tabo, nawa kaɗai ne babu! In na tuɓe wa Teguh, sai na tuɓe wa kowa, da tulin riguna za a bar ni babu ƙungiya. Na koma na zauna, kowa ya tashi da rigarsa.

Da suka watse na tuna takalmin da ka manta a ƙarƙashin bencina da Sallah. Na ɗauko na duba. Kai kuma wace ƙofa ce ta goge naka, Mas? Ka faɗa mini irin babur ɗin, da yadda yake a hawan tudu.

A gaida Mbak Ratmi.

Naka har kullum,
Darmaji