Muryar Inna a Faifan Su Nura

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Roni sai godiya.

Bara, kafin rasuwar Inna, Nura na wajen ƙanwarmu Hajara ya kwaso abokansa daga Kazaure da gurmi da kukuma, suka ɗauki waƙoƙi a tsakar gidanmu. Har tsiya na yi musu, na ce 'yan boko sun gano gargajiya, sai ka ce su suka ƙago ta. To, faifan ya kammala, jiya Nura ya kunna mini.

A wata waƙa, daidai inda gurmin ya lafa, sai ga muryar Inna daga rumfa, tana magana ita kaɗai. Yaya, sunanka ta kira. Ba "wancan na Kudu" ta ce ba. Habibu ta ce, ƙarara, Allah ya dawo mata da kai lafiya. Matar da ba a taɓa jin sunan ɗan farinta a bakinta ba!

Hajara ta ce a goge wurin, kada a yi ta yawo da kunyar Inna a cikin adaidaita. Nura ya ƙi. Ni na hana a taɓa komai sai ka ji. Ba kuma zan turo maka ta waya ba. Ka zo ka ji a rumfarta.

A gaida mutan gida. A sa Inna a addu'a, mu ma kada a manta da mu.

Ƙaninka,
Sabo