Ledar Gilashin da Inna Ta Rubuta Sunana a Kai

Zuwa ga Shugaban shingen binciken motoci,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da girmamawa, da fatan kai da iyali da ma'aikatanka kuna lafiya. Ni ko a gida ba a cika jin muryata ba, shi ya sa na zaɓi takarda.

Talatar da ta wuce, ranar kasuwar Diffa, muna dawowa daga Gueskérou da buhunan tattasai, mutanenka suka tare tsohuwar motar Babana, suka ce an hana baƙin gilashi. Ba na ja da doka. Amma ga kukana.

Na ɗaya. Baba ya roƙi a bar shi ya kai motar gida, ya jiƙa baƙar ledar da ke manne a gilashin da ruwan sabulu, ya ɗaye ta a hankali. Aka ƙi. Aka sa reza, aka kankare ta guntu-guntu.

Na biyu. A bayan wannan baƙar ledar na girma. Nan nake lafewa da littafin soyayya a cinya, ina ganin kowa, ba mai ganina: masunta a bakin kogin Komadugu, mata suna shanyar tattasai har ƙasa ta yi ja wur.

Na uku, shi ne babba. Innata, Allah Ya jiƙanta, da girmanta ta shiga ajin yaƙi da jahilci. Kalmar da ta fara iyawa sunana ce. Wata rana muna cikin mota, ba takarda, sai ta cire ɗan kunnenta ta karce shi a ledar gilashin baya: FANNA, N ɗin duka biyun sun juya baya. Muka yi ta dariya, har da ita. Tun daga nan, da hantsi rana kan ratso haruffan ta sauka kan shafin da nake karantawa. Rubutun hannunta ke nan da ya rage mana.

Na ga guntun da ke ɗauke da sunan ya faɗi gindin duron da kuke tare hanya da shi. Wallahi na buɗe baki, kunya ta hana maganar fita.

Roƙona, ranka ya daɗe: a riƙa barin masu mota su ɗaye da hannunsu. Sannan don Allah a duba gindin duron nan kafin a share. In an samu, a ba Baba, kowace Talata yana wucewa. Ko N ɗaya ce ta rage, ina so.

Allah Ya ƙara girma, Ya raya maka zuri'a, Ya bar su da uwarsu.

Wassalam.

Fanna,
Diffa