Ramin Aujara Yana Neman Ruwa

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gajiya, ya aiki, ya ruwan saman Fatakwal? Ya Anti da yara? Ƙafar nan ta daina damunka? Mu a Takur lafiya lau, sai dai ni na kasa zama wuri guda.

Maganar rijiyar burtsatsen makarantar Baffa ce a Aujara. An haƙa an yi nisa, ko laima babu. Ni kuma wata uku ke nan ina gwada wa kwamfuta yadda sauti ke tafiya a irin wannan rami: na'ura ta buga ƙara a ciki ta saurara, in dutsen yana da tsaga mai ruwa, sautin ya iso a makare. Malamina ya aro mana na'urar, ranar Asabar za mu je.

Jiya na gano abin da na manta. Ramin cikin kwamfutata cike yake da ruwa, don ta ruwa sautin ke shiga dutse. Namu kuwa busasshe ne ƙayau. Sai an cika shi.

Na kira Baffa na faɗa masa. Ya ce, "Wato mu da ba mu da ruwa, mu zuba wa ƙasa, mu tambaye ta ko tana da shi? To, Hajara, zan sa a tara."

Yaya, ka taya ni da addu'a, ka gaida kowa. In na'urar ta ce babu, ban san da wane ido zan kalli matan garin da suka ɗauko ruwan a ka ba.

Ƙanwarka,
Hajara